Wa ke bin wa bashi? Tarihin rancen gini na jami'o'in baƙaƙen fata a Amurka

1/ A watan Afrilun 2021 gwamnatin Amurka ta sanar da cewa ta yafe wa makarantu 45 na baƙaƙen fata bashin kusan dala biliyan 1.6 da suka ci don gina hostel da azuzuwa. Aka yi ta tafi. Bayan shekara biyu, gwamnatin nan dai ta fito da lissafi cewa an danne wa irin waɗannan makarantu sama da dala biliyan 12. To wai wa ke bin wa bashi? Ku gyara zama, zaren da tsayi 🧵

2/ Abin da ya ja ni kan maganar: wani aikin gida aka ba mu a aji kan yadda ake samar wa jami'o'i kuɗi. Na shiga da niyyar in rubuta shafi biyu in huta, sai ga ni ƙarfe biyun dare ina ta bin labarin bulo da siminti a Alabama, caji na neman ƙarewa. Na ce wallahi ba ni kaɗai zan ji wannan ba.

3/ Mu fara da suna. A can ana ce musu HBCU, wato kwalejoji da jami'o'in da aka kafa tun asali don baƙaƙen fata. A doka, sai makarantar da aka kafa kafin 1964, kuma babban aikinta ilimantar da baƙaƙen Amurka, ita ke shiga sahun. Yau sun kai kimanin 100, kusan kashi 3 cikin 100 na manyan makarantun ƙasar, mafi yawansu a jihohin Kudu.

4/ Kuma kada ku ɗauka labarin ya yi mana nisa. Nnamdi Azikiwe, shugaban Najeriya na farko, ya yi karatu a Howard da Lincoln. Kwame Nkrumah na Ghana ya gama Lincoln a 1939. Martin Luther King ɗan Morehouse ne, ya gama a 1948. Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka, shi ma Lincoln da Howard. Kamala Harris, Howard, 1986.

5/ Me ya sa tun farko aka buƙaci makarantu daban? Saboda a zamanin bauta, koya wa bawa rubutu laifi ne a jihohin Kudu da dama. South Carolina ta sa wannan doka tun 1740. Bayan tawayen Nat Turner a 1831 wasu jihohin suka ƙara tsanantawa. A Arewa ma, inda aka riga aka daina bauta, kwalejoji ƙalilan ne ke buɗe wa baƙar fata ƙofa.

6/ Na farko-farko a Arewa suka tashi: Cheyney a 1837, da dala 10,000 da wani attajiri mai suna Richard Humphreys ya bari a wasiyya. Lincoln a 1854. Wilberforce a 1856. Amma tururuwar sai bayan yaƙin basasa, 1865, lokacin da mutum kusan miliyan 4 suka fita daga bauta, babba da yaro kowa na neman wanda zai koya masa karatu.

7/ Nan ne maganar gini ta shigo. Mutanen nan sun fito babu fili, babu jari, babu gadon kowa. Ɗalibai ga su nan kamar ƙasa, malamai ma ana samu daga coci-coci da ƙungiyoyin mishan. Abin da babu shi ne rufin da za a zauna a ƙarƙashinsa. Bari in ba ku misali huɗu, don duk wanda ya gane su ya gane sauran zaren.

8/ Fisk, a Nashville. An buɗe ta a 1866 a cikin tsofaffin barikin soja na katako. Kafin shekara biyar katakon ya fara ruɓewa, asusu ya bushe. A Oktoban 1871 ma'ajin makarantar, George White, ya ɗebi ɗalibai tara suka shiga gari-gari suna rera waƙoƙin ibada na kakanninsu bayi, ana ba su abin da ya sawwaƙa.

9/ Tun ana korar su daga otal saboda launin fatarsu har suka tsallaka Ingila, suka yi waƙa gaban Sarauniya Victoria a 1873. Da kuɗin maƙogwaron yaran nan aka gina Jubilee Hall, aka buɗe shi a 1876. Ginin na nan tsaye har gobe, ɗalibai na kwana a ciki. Ku tsaya ku yi tunani: hostel ɗin da ɗalibai suka gina da muryarsu.

10/ Tuskegee, a Alabama, 1881. Jihar ta ware dala 2,000 a shekara, amma na albashin malamai kawai. Fili? Babu. Gini? Ko sisi. Booker T. Washington ya fara koyarwa a wata 'yar bukka kusa da coci. In ruwan sama ya sauko, sai wani ɗalibi ya riƙe masa lema yana ci gaba da darasi.

11/ Sai suka ce to mu buga bulo da kanmu. Suka gina matoyar bulo ta rushe. Ta biyu ta lalace. Ta uku ma haka. Washington ya kai agogonsa jingina ya karɓo dala 15, aka gina ta huɗu, ita ce ta yi. Daga nan ɗalibai ke buga bulo, su yi gini, su shiga aji a cikin abin da hannunsu ya gina, har su sayar wa mutanen gari da ragowar.

12/ Spelman, a Atlanta, ita ma 1881. Ɗalibai mata 11, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na cocin Friendship Baptist. Sai da John D. Rockefeller ya biya musu bashin filin da suka koma a 1884, aka sa wa makarantar sunan dangin matarsa. Kun ga wata hanyar: ka jira wani attajiri ya ji tausayinka.

13/ Mary McLeod Bethune, a Daytona ta jihar Florida, 1904. Jarinta dala 1.50, ɗalibai 'yan mata biyar, akwatunan katako su ne benci. Filin da ta iya saye juji ne, kuma da kuɗin wainar dankalin Hausa da take sayar wa leburori ta fara biya. Ita kanta a wata makaranta mai suna Scotia ta yi karatu. Ku riƙe sunan Scotia, zai dawo.

14/ Za ku ce to ina gwamnati? Ai tana can tana gina wa wasu. A 1862 aka yi dokar Morrill: kowace jiha ta samu filin tarayya, eka 30,000 kan kowane ɗan majalisarta, ta sayar ta kafa jami'ar noma da fasaha. Yawancin filin ma ƙwace shi aka yi daga 'yan asalin ƙasar. A Kudu, kusan duk makarantun da aka gina da kuɗin ba sa ɗaukar baƙar fata.

15/ A 1890 aka yi Morrill ta biyu. Ta ce wa jihohi: ko ku ɗauki baƙaƙe, ko ku kafa musu tasu daban a raba kuɗin bisa adalci. Jihohin Kudu suka zaɓi "daban". A 1896 Kotun Ƙoli, a shari'ar Plessy da Ferguson, ta halatta wariya muddin wai an daidaita. Wariyar kam an yi ta sosai. Daidaitawar ce aka manta.

16/ Haka aka tafi shekara da shekaru. Jami'ar farare ta samu laburare, ɗakunan gwaje-gwaje, tsangayar likitanci da ta lauya. Ta baƙaƙe, wani lokaci a gari ɗaya, ta samu abin da ya rage. Kotu ta rushe wariya a makarantu a 1954, dokar 'yancin jama'a ta zo a 1964, amma hukuncin kotu ba ya toshe rufin da ke yoyo.

17/ Ga inda mutane da yawa ba sa lura. Jami'a a Amurka tana yin babban gini ne ta hanya uku: kasafin jiha, ribar dukiyar da masu kyauta suka tara mata (kamar waƙafi), ko ta sayar da takardun bashi a kasuwa. Duka ukun tarihi ya riga ya taɓa su.

18/ Kasafin jiha, kun ji yadda aka yi. Waƙafi kuwa daga tsofaffin ɗalibai masu arziki yake fitowa. To in an shekara ɗari ana hana tsofaffin ɗalibanka manyan ayyuka da sayen gida a unguwa mai daraja, me za su tara har su ba ka? Harvard ita kaɗai tana da sama da dala biliyan 50. Duk HBCU in an haɗa su ba su kama ƙafarta ba.

19/ Saura kasuwa. Wani bincike da masana harkar kuɗi huɗu suka wallafa a 2019 ya bi takardun bashin jami'o'i na sama da shekara 20. Ya gano HBCU na biyan dillalai kusan kashi 20 cikin 100 fiye da sauran makarantu kafin a sayar musu da takardunsu. Ko da darajar bashin iri ɗaya ce, ko da akwai inshora a kai. A Louisiana da Alabama da Mississippi giɓin ya ninka kusan sau uku.

20/ Wato ba maganar "ba za su iya biya ba" ce kaɗai. Sunan makarantar ma kuɗi yake ci. Dillali ya san zai sha wahala kafin ya samu masu saye, sai ya ɗora wahalar a kan makarantar. Wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi shi ke sayen kuɗi da tsada.

21/ A cikin wannan hali, a 1992, Majalisar Dokokin Amurka ta ƙirƙiro shirin da zaren nan ke magana a kai: shirin samar wa HBCU rancen gine-gine, a ƙarƙashin dokar ilimi mai zurfi. George Bush babba ne ya sa hannu. An ƙayyade jimillar bashin kada ta wuce dala miliyan 375. Rancen farko bai fita ba sai 1996. A 2008 aka ɗaga iyakar zuwa biliyan 1.1.

22/ Yadda yake aiki, a sauƙaƙe. Makaranta na son gina hostel. Wani kamfani mai zaman kansa da Ma'aikatar Ilimi ta naɗa zai fitar da takardun bashi a madadinta. Wani banki na cikin Baitulmalin Amurka ya saye su. Ma'aikatar Ilimi ta tsaya a matsayin mai lamuni: in makaranta ta gaza, gwamnati ce a ƙarshen layi.

23/ Amfanin a bayyane yake. Kuɗin ruwa kaɗan ne, dab da wanda gwamnati kanta ke biya in ta ci bashi. Lokacin biya har shekara 30. Ana iya yin sabon gini da shi, ko gyaran tsoho, ko a biya tsohon bashi mai tsada a koma wannan mai sauƙi. Ga ƙaramar kwalejin da banki ko kallonta ba ya yi, da babu gara ba daɗi.

24/ Kuma a faɗi gaskiya, an yi aiki da shi. Hostel, ɗakunan gwaje-gwaje, bututun ruwa, wayoyin lantarki, na'urorin ɗumama ɗaki. Akwai ɗaliban da suka kwana a ɗaki mai kyau albarkacin wannan rance. Duk wanda ya ce shirin banza ne bai yi masa adalci ba. Amma akwai wata ƙugiya a cikinsa.

25/ Duk makarantar da ta karɓi rance, sai a cire wani kaso a ajiye a asusun haɗaka. Da farko kashi 10 cikin 100 ne, a 1998 aka rage zuwa 5. In wata makaranta ta kasa biya, daga wannan asusu ake fara ɗiba. Kamar adashi ne, sai dai a nan ba kwasa kake jira ba, addu'a kake kada wani ya faɗi ya tafi da zubinka.

26/ Ma'ana kafin a taɓa aljihun gwamnati, sai an fara taɓa na 'yan'uwa. Makarantun da tarihi ya talauta tare, su aka sa su yi wa juna lamuni. Wannan sharaɗi ya sa wasu suka ƙi shiga. A wasu jihohin kuma dokar jiha ce ta hana jami'o'in gwamnati shiga irin wannan yarjejeniya.

27/ Kun tuna Scotia, inda Bethune ta yi karatu? Ita ce ta zama kwalejin Barber-Scotia a North Carolina. Ta ci wannan rance. A 2004 hukumar tantance makarantu ta janye mata amincewa. A Amurka in ka rasa wannan, ɗalibanka ba za su samu tallafin karatu na tarayya ba. Ɗalibai suka watse, kuɗi ya tsaya, bashi ya gagara. Aka koma kan asusun haɗaka, sauran makarantu suka ji a jikinsu.

28/ A nan ainihin matsalar take. Gini ba ya biyan bashi, ɗalibi ne ke biya. Kuɗin makaranta da kuɗin hostel su ake tarawa a kai wa mai bin bashi. Mafi yawan ɗaliban HBCU kuwa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, da yawa su ne na farko a gidansu da suka taka jami'a. Ka ƙara kuɗi su gudu. Ka bar gini ya lalace, su ma su gudu.

29/ Misali: a ƙarshen 2011 Ma'aikatar Ilimi ta tsaurara sharuɗɗan wani rance da iyaye ke karɓa don biya wa 'ya'yansu. Iyaye da yawa aka ƙi su. Dubban ɗaliban HBCU suka kasa komawa makaranta. Ma'aikatar da ta ba da rancen gina hostel ita ce ta toshe hanyar da masu cika hostel ɗin ke samun kuɗi. Sai daga baya aka sassauta.

30/ Sai Katrina. 29 ga Agusta, 2005. Mahaukaciyar guguwa ta faɗa wa New Orleans, shingayen ruwan da injiniyoyin sojan tarayya suka gina suka fashe, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Jami'ar Dillard ta sha ruwa, wasu gine-ginenta suka kama da wuta. Da suka dawo a Janairun 2006, a otal ɗin Hilton suka yi karatu. Southern ta New Orleans kuwa a cikin gidajen tirela.

31/ Majalisa ta buɗe musu ƙofa ta musamman a cikin shirin: kuɗin ruwa kashi 1 cikin 100, babu zubin asusun haɗaka. Makarantu huɗu, Dillard da Xavier da Southern ta New Orleans da Tougaloo ta Mississippi, suka karɓi kimanin dala miliyan 360 a 2007. Sharaɗi mai sauƙi kam. Amma ku lura: shingen gwamnati ne ya fashe, makaranta ce ta fita da bashi.

32/ Ɗalibai ba su dawo yadda aka zata ba, don birnin kansa ya rage mutane. A 2013 aka ɗage musu biya na shekara biyar. Da wa'adin ya zo ƙarewa kowa ya san ba inda kuɗin zai fito. A Maris 2018 aka yafe ragowar, kimanin dala miliyan 322. Shekara goma sha ɗaya suna ɗauke da shi a ka kafin a yarda da abin da ke fili tun ranar farko.

33/ Ana cikin haka, a Mayun 2017, Donald Trump ya sa hannu a kasafin kuɗi, ya haɗa da wata takarda da ta lissafa wannan shiri cikin waɗanda wai ke raba amfani bisa launin fata, abin da ke nuna ana shakkar ko ya dace da tsarin mulki. Aka yi ca. Cikin kwana biyu ya fito ya ce yana tare da HBCU ɗari bisa ɗari.

34/ Amsar da aka ba shi tana da muhimmanci: shirin tarihin makaranta yake dubawa, ba fatar ɗalibi ba. HBCU ba su hana kowa shiga. Yau kusan ɗaya cikin huɗu na ɗalibansu ba baƙaƙe ba ne. A West Virginia State da Bluefield State ma farare sun fi yawa. Waɗanda aka kafa saboda an rufe musu ƙofa, su ne suka bar tasu a buɗe.

35/ A 2018 ofishin binciken kuɗi na Majalisa ya tambayi makarantun halin da gine-ginensu ke ciki. Waɗanda suka amsa suka ce, a matsakaici, kashi 46 cikin 100 na gine-ginensu na buƙatar gyara ko a sake su gaba ɗaya. Kuma bayan sama da shekara 20 da fara ba da rancen, ƙasa da rabin HBCU ne suka taɓa karɓa.

36/ A shekarar ne kuma aka ɗage wa wasu kwalejoji masu zaman kansu guda takwas biya. Cikinsu har da Bennett, kwalejin mata a Greensboro. Duk da haka a Disamban 2018 hukumar tantancewa ta ce za ta janye mata amincewa saboda raunin asusu. Cikin ƙasa da wata biyu jama'a suka tara mata dala miliyan 9.5. Hukumar ta ce bai wadatar ba. Sai da ta je kotu, daga baya ta koma wata hukumar. Tana nan da ranta.

37/ Sai korona. A Maris 2020 aka dakatar da biya ga kowa. Ranar 27 ga Disamba, 2020, Trump ɗin nan dai ya sa hannu a dokar da ta share bashin. Cikin waɗanda suka ja gaba a Majalisa akwai Alma Adams ta North Carolina, wadda ta shekara 40 tana koyarwa a Bennett. Ta san rufin da ake magana a kai. Afrilun 2021 aka kammala: makarantu 45, na gwamnati 13, masu zaman kansu 32.

38/ Sauƙi ne babba, ba musu. Kuɗin da ake kai wa bashi duk shekara ya koma albashi da tallafin ɗalibai da gyara. Amma tsugune ba ta ƙare ba. A Oktoban shekarar, ɗaliban Howard, wadda ta fi kusan kowace HBCU suna da ƙarfi, suka mamaye ginin Blackburn na kwana 34, wasu na kwana a tanti, kan fumfuna da yoyo a hostel da ƙarancin ɗakuna.

39/ Mu dawo kan biliyan 12. A Satumban 2023 ministan ilimi Miguel Cardona da na noma Tom Vilsack suka rubuta wa gwamnoni 16. Suka kwatanta abin da kowace jiha ta kashe kan ɗalibi ɗaya a jami'arta ta 1862 da ta 1890, daga 1987 zuwa 2020. Giɓin ya haura dala biliyan 12. Tennessee State kaɗai biliyan 2.1. Jihohi biyu ne kacal suka fita: Delaware da Ohio.

40/ Ku sake duba shekarun. 1987 zuwa 2020. Ba zamanin bauta ba, ba zamanin Plessy ba. Kusan daidai shekarun da shirin rancen ke aiki. Ana ba su rance ta taga, haƙƙinsu na fita ta ƙofa.

41/ Na san wani zai ce: malam, tarayya ce ta ba da rance, jihohi ne suka danne kuɗi, kuma yawancin waɗanda aka yafe wa ma masu zaman kansu ne. Gaskiya ne, lissafin biyu ba na makarantu iri ɗaya ba ne, kada a cakuɗa. Amma dokar 1890 ta tarayya ce, ita ta ce a raba bisa adalci, ita kuma ta zuba ido. Masu zaman kansun kuwa sun tashi ne don yin aikin da hukuma ta ƙi yi.

42/ Inda aka biya wani abu ma, sai da aka sha shari'a. A Mississippi an shigar da ƙara a 1975, ba a daidaita ba sai 2002, kan dala miliyan 503. Jake Ayers da ya shigar da ƙarar a madadin ɗansa ya rasu kafin a gama. A Maryland an fara a 2006, aka ƙare a 2021 kan miliyan 577 ga jami'o'i huɗu, a biya cikin shekara goma. Rance kan fito da cike takarda. Haƙƙi sai an shekara 27 a kotu.

43/ Wani abu da ya ba ni mamaki: a 1992 ɗin nan da Amurka ta zaɓi rance, a nan gida ASUU ƙarƙashin Attahiru Jega ta cimma yarjejeniya da gwamnati wadda ta haifar da harajin ilimi a 1993, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, abin da ya zama TETFund a 2011. Namu kyauta ne ga makarantun gwamnati, nasu bashi ne. Tarihinmu daban, amma tambayar ɗaya ce: wa zai biya kuɗin rufin da ke kan ɗalibi?

44/ Abin da na fito da shi: rance na da amfani ga wanda ke da hanyar samu, yana buƙatar a ɗan tura shi gaba. Wanda aka hana kasonsa shekara ɗari kuwa, rance zai gina masa hostel, amma ramin da ke ƙarƙashin hostel ɗin na nan. Shi ya sa aka ɗage biya a 2013, aka yafe a 2018, aka sake ɗagewa, aka sake yafewa a 2020. Sau huɗu lissafi na faɗin abu ɗaya.

45/ Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne. Sai dai a wannan labari an daɗe ana leƙa cikin ƙananan kwalejoji ana ƙirga nasu har da kuɗin ruwa, na jihohi kuwa sai 2023 gwamnatin tarayya ta rubuta shi a takarda. Kuma shirin na nan, ana ci gaba da ba da sabon rance. Yafiyar ta share tsohon allo ne kawai.

46/ Nan zan tsaya, ina da lacca ƙarfe takwas 😅 In kun karu, ku tura wa wani. Tambayata gare ku: in kai ne shugaban ƙaramar kwaleji, rufi na yoyo, ɗalibai na guduwa, aka miƙo maka rance mai sauƙi amma da sharaɗin za ka ɗauki nauyin faɗuwar maƙwabcinka, za ka sa hannu? Ni dai har yanzu ban yanke ba. Ina jiran ku a ƙasa.